Zazzaɓin Rahaji

Duk wanda ya san Gafasa ya san Bubayero, tsohon nan da ba ya wuce abin mamaki a hanya sai ya tsuguna. A ɗakinsa akwai dutse mai huda a tsakiya, da ƙahon wani sa wanda ya murɗe ya koma kamar dodon koɗi, da wani agogo mai tafiya da baya wanda ya hana a gyara, wai shi kaɗai ne agogon da ya san inda ƙuruciya ta nufa. Ya yi kiwo tun yana yaro har gemunsa ya yi fari. Da burtali ya ƙuntata, gonaki suka cinye makiyaya, sai garken ya yi ta raguwa, yau a sayar da ɗaya a yi rufin kwano, gobe a sayar da biyu a yi wata hidima, har ya zama saura sandar kiwon kawai a jingine a bayan ƙofa.

Ranar wata kasuwar Ajingi, cikin damina, gyaɗa ta rufe ƙasa, ya ja ɗan bunsurunsa zai sayar. Hanne matarsa ta ce ya sayo mata bokitin ƙarfe da gishiri. Bai kai wurin awaki ba idonsa ya faɗa kan tabarmar Ɗantani, mai sayar da kwancen kayan lantarki da yake kwasowa daga Kano. Tsakanin matattun wayoyi da wata tsohuwar rediyo, ga wani abu ja, tsawonsa ya kai tafin ƙafa, da fanka biyu a fuskarsa kamar idanu.

"Ɗantani, wannan mai ido biyun fa?"

"Baba, ba naka ba ne. Katin hoto ne, na cikin kwamfuta. Shi ke zana duk abin da yara ke gani in suna buga gem, wasan kwamfuta."

"Zana? Da hannun wa?"

"Da kansa. Kafin ka ƙifta ido ya zana hoto ya goge ya sake wani."

Bubayero ya matso kusa. Ya tsuguna ya ɗauki abin da hannu biyu. Ya juya fankokin da ɗan yatsa, ya kai kunne. Ya shinshina. Ya kife shi, sai ga wani jerin ƙananan haƙora masu ruwan zinare a gefensa. Ya bi su da farce ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake buɗe bakin sa a kasuwar shanu.

"Haƙoransa duk suna nan. Ko ɗaya bai faɗi ba."

"Tsoho ne fa, Baba, kada ka ce ban gaya maka ba. Ya kusa shekara goma. Sabon irinsa na yanzu, sai mutum ya sayar da shanun huɗa biyu."

"Tsohon sa shi ya san hanyar rafi," in ji Bubayero. Ya miƙa wa Ɗantani igiyar bunsurun. "Ka sallama?"

Ɗantani ya dubi bunsurun, ya dubi tsohon, ya yi maza ya kama igiyar. "Sallama, Baba. Allah ya sa da amfani."

Da yake ja ne, tun a hanya Bubayero ya raɗa masa suna Rahaji, sunan jajayen shanun nan masu dogon ƙaho. A gida Hanne ta leƙa cikin jakarsa, ta ɗago.

"Malam, ina bokitin?"

"Hanne, wannan abin yana zana hoto kafin ki ƙifta ido."

"To ya zana mini bokiti in ɗebi ruwa."

Jikansu Ɗayyabu yana da shagon gem a bayan tashar Ajingi: rufin kwano, benci uku, babban allo a bango, da janareto a waje. Kwamfutarsa ba ta da ƙarfi. In aka sa mata wasan ƙwallo sai 'yan wasan su riƙa tafiya kamar masu ratsa taɓo, saboda haka samarin garin suka gwammace su hau mota su tafi Gaya, shagon wani Salahuddeen mai sababbin kaya. Washegari da safe Bubayero ya shiga shagon da Rahaji a naɗe cikin rawani.

"Tsoho mai ran ƙarfe! Me aka tsinto yau? Ƙwan jimina?"

"Ja'iri, buɗe ka gani. In ka iya sa shi aiki na bar maka Hanne."

"Dama matata ce, kai kake riƙe mini ita." Ɗayyabu ya warware rawanin yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya juya katin. "Tsoho, a ina ka samo wannan? Lokacin da nake sakandare, wannan ne sarki. A hoto kawai nake ganinsa."

Bubayero ya ba shi labarin Ɗantani da bunsurun. Ɗayyabu ya kwance gefen akwatin kwamfutar, ya share katin da burushi, ya dasa haƙoran zinaren nan a mazauninsu har suka ce ƙas, ya jona masa wata waya. Ya tayar da janareto. Idanu biyun nan suka motsa, suka juya, suka ɓace don gudu.

"Ya farka!" Bubayero ya miƙe tsaye. "Wallahi ya farka!"

Filin ƙwallo ya bayyana a bango, kore shar, har ana ganin ciyawa tana kwanciya in an taka ta. Ɗayyabu ya nuna masa wata 'yar lamba a kusurwar allon.

"Ka ga wannan? Ita ke faɗin hoto nawa yake zanawa a daƙiƙa ɗaya. Sittin ke nan. In tana sittin, wasa na tafiya sumul. In ta sauko talatin, ana lallaɓawa. In ta yi ƙasa da haka, sai a tashi a tafi gida."

"Sittin a daƙiƙa," in ji Bubayero a hankali. "Ni da na yi wata guda a makarantar yaƙi da jahilci ban gama zana baƙi ɗaya mai kyau ba."

Suka gwada tseren mota, sittin. Suka gwada wasan dambe, sittin. Da Ɗayyabu ya sa wani sabon wasa mai nauyi, na bana, sai lambar ta zube, fankokin suka yi ta huci. Ya shiga ya rage inuwa, ya rage ƙyallin ruwa da yawan ganyen bishiya, lambar ta hau ta tsaya wajen arba'in.

"Nan ne iyakarsa," in ji shi. "Sababbin nan ba zai ɗauke su da duk adonsu ba. Amma ƙwallo da tsere, abin da yaran garin nan ke so, wallahi ya fi ƙarfin bunsuru."

Sannan, don tsokana, ya buɗe wa kakansa wani wasa na noma da kiwo. Allon ya cika da tudu da kwari, ciyawa har gwiwa, babu shinge, babu gonar kowa. Ga shanu suna kiwo. Wata saniya ta ɗago kai tana tuƙa, ta kaɗa kunne, ta kori ƙuda da wutsiya. Bubayero ya ƙura wa allon ido. Ya matso da benci. Can sai Ɗayyabu ya ji tsohon yana yin wani ɗan sauti da harshe, irin wanda ake kiran shanu da shi in za a koro su gida.

Tun daga ranar, kullum da hantsi, kafin samari su taso daga gona, Bubayero na shagon. Ya koyi danna abin bugawa da manyan yatsunsa, ya raɗa wa kowace saniya suna, yana kai su rafi yana dawo da su. Samari kuwa suka fara dawowa shagon da yamma. Labari ya kai Gaya cewa wani tsohon kati da aka musanya da bunsuru yana buga ƙwallo a Ajingi. Salahuddeen ya aiko da saƙo: ranar kasuwa zai zo da gwanayensa, a kara, Gaya da Ajingi, a kan wannan tsohon.

"Tsoho, ka ji sharaɗina," in ji Ɗayyabu. "Mutanen Gaya ba su iya rufe baki ba. In Rahajinka ya kunyata ni a gabansu, zan cire shi in mayar wa Ɗantani ya kai wa 'yan gwangwan, in koma hayar na'ura wurin Salahuddeen. Ita kuwa ƙwallo kawai take bugawa, babu shanu a cikinta."

"Ba zai kunyata ka ba."

Ranar ta zo da hadari. An yi yayyafi da asuba, garin ya yi sanyi. Ɗayyabu ya kunna kwamfutar tun da hantsi ya bar wasan a buɗe, ya tura akwatin ƙarƙashin tebur, ya saki zanen teburin ya rufe gaban saboda ƙafafun 'yan kallo, sannan ya tafi tasha taryen baƙi. Bubayero ya rage shi kaɗai. Ya tsuguna don ya yi wa Rahaji magana, ya ɗora tafin hannu a bayan akwatin.

Zafi rau.

Ya janye hannun, ya sake ɗorawa. Ya kai kunne. Ciki ana ta huci, sama-sama, ba tsayawa. Bai taɓa taɓa akwatin yana aiki ba sai yau, kuma ya san wannan alamar sarai. Jiki zafi, numfashi sama-sama, ga sanyin damina: zazzaɓi ne. Kuma duk Gafasa babu wanda bai san abin da ake yi wa mai zazzaɓi ba. A lulluɓe shi, ya yi gumi, ciwon ya fita.

"Yau ka ga damar kwanciya, Rahaji? Yau?"

Ya kwance bargon da ya yafo saboda sanyin safiya, bargon ulu mai kauri wanda ya yi shekaru yana kwana da shi a daji. Ya naɗe akwatin tsaf, gaba da baya, ya cusa gefunan a ƙarƙashi don kada iska ta sami ko ƙofar allura. Ya saki zanen teburin, ya ja 'yar kujerarsa ya zauna a gefen, ya yi shiru da bakinsa. In Ɗayyabu ya ji Rahaji ba shi da lafiya, ai tun kafin a fara zai cire shi.

Mutanen Gaya suka iso mota guda, da hayaniya. Salahuddeen, dogo mai gilashi, yana rataye da baƙar jaka. Ya durƙusa ya gaida Bubayero da ladabi, sannan ya miƙe ya bubbuga jakar.

"Baba, na zo da sabuwar na'urata, ko da tsohonku zai nemi a kai shi asibiti."

"Ɗana, ajiye jakarka. Ba a nuna wa tsohon sa hanya."

Shagon ya cika har taga. Masu sayar da rake sun bar rakensu, wani ya hau buhun gyaɗa a waje yana leƙe. Ummu Salma mai fura ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa don ta san yau akwai ciniki. Ɗayyabu ya riƙe wa Ajingi, Salahuddeen ya riƙe wa Gaya. Aka busa.

Kai, farkon wasan nan ya yi daɗi! Ƙwallo na yawo kamar an shafa mata mai. Ɗayyabu ya yanke mutum biyu, ya ba da ita gefe, aka ɗago, aka sa kai, raga ta motsa. Rufin kwanon ya kusa tashi.

"Ajingi! Ajingi!"

"Bunsuru ya ci Gaya!"

Bubayero ba ƙwallon yake kallo ba, 'yar lambar kusurwa yake kallo. Sittin. Ya yi hamdala. Can sai ta ce hamsin. Ta ce arba'in da wani abu. Ya zura hannu ƙarƙashin tebur, ya ji zafin ya ratso bargon. Ciwon ya ci ƙarfin bargo ɗaya. A hankali, kamar mai gyara zama, ya tuɓe babbar rigarsa ya cusa ta ciki ya ƙara lulluɓawa.

Talatin. 'Yan wasan suka fara tsalle-tsalle kamar farar da aka ɗaure wa zare. Mai tsaron gidan Ajingi yana nan, sai ga shi can, ƙwallon kuma ta riga ta shige.

"Ɗaya da ɗaya!" 'yan Gaya suka yi ihu. "Kakanku ya gaji! A kawo masa sanda!"

"Me ke damun abin nan?" in ji Ɗayyabu, gumi na tsattsafo masa. "Jiya lafiya lau!"

Bubayero ya warware rawaninsa ya ƙara a kai.

Ashirin. Sha biyar. Hoton ya daskare, wani ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Sai allon ya yi baƙi ƙirin, hucin da ke ƙarƙashin tebur ya ɗauke ɗif.

'Yan Gaya suka fara salati na tsokana, wani ya ce a nemo likkafani. Salahuddeen ya ja zif ɗin jakarsa. Ɗayyabu ya ajiye abin bugawa, fuskarsa a murtuke, ya ɗage zanen teburin zai ciro akwatin. Ya jawo rawani. Ya jawo babbar riga. Ya jawo bargo, yana tururin zafi da warin hayaƙin daji. Kowa ya juya ya dubi tsohon da ke zaune ba riga ba rawani, daga shi sai 'yar shara.

"Tsoho," in ji Ɗayyabu a hankali. "Mene ne wannan?"

"Zazzaɓi ne ya kama shi tun safe. Na ce ya yi gumi."

Dariyar da aka yi a shagon nan, har masu lodi a tasha sai da suka zo tambaya. Salahuddeen ya cire gilashi yana share hawaye. Ɗayyabu ya so ya yi fushi, abin ya gagara, ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki.

"Wayyo Allah, Tsoho ka kashe ni! Ba ciwo ba ne! Zafin aiki ne! Duk lokacin da yake zana hotunan nan jikinsa zafi yake yi, fankokin nan su ke fitar da shi. Ka toshe masa hanci da baki!"

Bubayero bai ji dariyar ba. Maganar ce ta tsaya masa: zafin aiki. Sai ya ga kansa shekaru da yawa baya, a gonar surukinsa, rana tsaka, shanun huɗa sun tsaya suna huci, jikinsu kamar garwashi. Wane mahaukaci ne zai lulluɓe san huɗa da bargo? Kwance masa karkiya ake yi, a ja shi inuwa, a bar iska ta buge shi. Ya san wannan tun bai yi kaciya ba. Ya ɗauki ma'aikaci ya yi masa jinyar majinyaci.

"Na zalunce ka, Rahaji," ya faɗa. Ya dubi jikansa. "Ya mutu?"

Ɗayyabu ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Dariyar ta bar fuskarsa. "Ban sani ba. Wani lokaci suna kashe kansu don kada su ƙone. Wani lokaci kuma sun riga sun ƙone."

"To a jona tawa mu ƙarasa," in ji Salahuddeen, ya fito da na'urarsa.

Bubayero ya miƙe ya tare gaban teburin. "Ɗana, a garinku in sa ya faɗi a huɗa, yanka shi ake yi nan take, ko ana bari ya sha iska?"

Salahuddeen ya yi murmushi. "Ana bari ya sha iska, Baba."

"To ku ba ni wuri. Ɗayyabu, kwance masa karkiya."

Ɗayyabu ya ɗora akwatin a kan tebur ya cire murfin gefen. Zafi ya bugo fuskokinsu. Bubayero ya cire malafarsa daga ƙusa ya fara fifita. Ya daka wa 'yan taga tsawa su matsa iska ta shigo. Ummu Salma ta miƙo faifan da take rufe fura da shi, wani ya kama. Wani ya yago kwali. Kafin ka ce kwabo, mutum wajen goma sun kewaye tebur suna fifita, har da 'yan Gaya biyu, ɗayansu yana cewa, "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Bubayero na fifita yana yin ɗan sautin nan na harshe, yana kiran Rahaji kamar yadda ake kiran sa ya tashi.

Da ƙarfen ya huce har ana iya ɗora hannu, ya ce, "Taɓa shi yanzu."

Ɗayyabu ya yi bisimilla ya danna.

Ido ɗaya ya motsa. Na biyun ya bi shi. Allon ya yi haske.

Ihun da aka yi ya fi na cin farko. Wani ya ɗaga Bubayero sama, yana ta faɗin a sauke shi, malafarsa za ta faɗi. Aka koma wasa daga ɗaya da ɗaya, akwatin a buɗe a kan tebur, tsirara, kowa na ganin jan katin a ciki. Ɗayyabu ya ce fankokinsa sun isa, ba sai an taya shi ba, amma tsohon ya ƙi zama. Ya tsaya a gefe da malafa yana fifita, ido a kan kusurwa. Sittin. Aka kai hari, aka dawo, aka buga ta daki turke, 'yan kallo suka riƙe kai. Sittin. Ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa, ba wanda ya ji. Sittin, ko gezau.

Ana dab da tashi Salahuddeen ya sami wata 'yar kafa ya zura ƙwallo. Gaya biyu, Ajingi ɗaya. 'Yan Gaya suka fita cikin ruwan suna rawa.

Bubayero ya sauke malafar, hannunsa ya yi tsami. Ya matso kusa da jikansa. "An ci mu. Za ka mayar da shi?"

"Ni aka ci, Tsoho, ba shi ba. Hannuna ne ya yi nauyi." Ɗayyabu ya shafa gefen akwatin. "Wanda ya sha bargo da riga da rawani ya tashi ya ba da sittin, ina zan kai shi? Yana nan."

Salahuddeen ya leƙa cikin akwatin ya daɗe, sannan ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa suka ji yana tambayar wani yaro inda Ɗantani ke shimfiɗa tabarmarsa, da ko jan katin nan yana da ƙane.

Bayan la'asar ruwan ya ɗauke, shagon ya watse. Ɗayyabu ya buɗe wa kakansa makiyayarsa. Shanun suna nan inda ya bar su, a bakin rafi, ciyawa har gwiwa. Bubayero ya mayar da rigarsa, ya ninke bargon ya zauna a kai don kada hannunsa ya yi masa gardama. Ya kora garken zuwa tudu. Iska mai sanyi ta shigo ta taga, ta bi ta kan akwatin da ke buɗe. Ya dube shi, ya dubi tagar, ya yi ta mutsu-mutsu.

"Ɗayyabu."

"Na'am, Tsoho."

"Ko 'yar hula ma ba za a sa masa ba?"